Kuɗin tara yana ƙarewa a lemo da alewa: amsa ga wata uwa daga Tudun Wada

Wata 'yar uwa daga Tudun Wada ta turo tambaya, tace ɗanta shekararsa takwas yana aji uku a firamare, kullum tana bashi naira ɗari biyu kuɗin tara, amma ta lura duk a ƙanƙara da alewa da zoɓon leda yake kashewa, ranar da babansa ya ƙara masa kuwa sai lemon roba. In ya dawo gida baya taɓa abinci, ga haƙori ya fara damunsa da daddare. Tana so ta sani, ta daina bashi kuɗin ne gaba ɗaya, ko taje ta sa hedimasta ya kori masu tallar bakin get, sannan wai da gaske ne yaro zai iya kamuwa da ciwon suga ta wannan hanyar.

Toh 'yar uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su ya shirya. Harkar abinci da gina jiki ita ce aikina a wani asibiti nan Zariya, kuma wannan ƙorafin naki kusan kullum sai na ji shi daga bakin iyaye mata, na Samaru ne, na Sabon Gari ne, na cikin birni ne, duk labarin ɗaya. Amsar a gajarce: kar ki yanke kuɗin kwatsam, kar kuma ki sa a kori matan nan. Yaron naki ba kwaɗayi ne ya masa yawa fiye da sauran yara ba, abin da ke gabansa yake saya da abin da kuɗinsa ya kai, kuma duk wa'azin da za ki masa a gida da safe, ƙarfe tara na yi ya fito da yunwa da ƙishi ya tarar da kula cike da abu mai sanyi mai kala, wallahi wa'azin ya tashi. Abin da ke bakin get ɗin shi ne abin gyara, shi da cikin da yaron ya fita dashi daga gida.

Mu fara da lissafin sugan tukunna, don mutane da yawa basu taɓa auna shi ba. Cokalin shayi ɗaya na suga giram 4 ne ko kusa da haka. Lemon kwalba irin su Coke yana da wajen giram 10.6 a duk mililita 100, kinga robar 50cl ta tashi giram 53 kenan, cokali 13. Ƙaramar kwalbar 35cl kuma wajen cokali 9. Ki tsaya ki ɗauko kofi ki zuba cokali 13 na suga ki kalla, ba uwar da za ta dama wannan ta miƙa wa ɗanta, amma in yana cikin roba da sanyi da gas ba a jin nauyinsa a baki. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa sugan da ake ƙarawa abinci kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. A Ingila hukumar lafiyarsu ta mayar da abin lamba don iyaye su gane, ɗan shekara 7 zuwa 10 kar ya wuce giram 24 a rana, cokali 6 kenan, ɗan 4 zuwa 6 kuma giram 19. Wato roba ɗaya ta cinye wa ɗanki rabon kwana biyu, tun ba a lissafa sugan shayin safe ba, da na koko, da biskit, da alewar da ya tsotsa a hanya.

Kuma ba lemon gas kaɗai ba. Waɗannan 'yan jus ɗin kwali da na leda masu hoton lemo da abarba a jiki, yawancinsu ruwa ne da suga da kala da ƙamshi, ɗan itacen da ke ciki kaɗan ne in ma akwai. Haka madarar roba mai zaƙi da ake sa wa yara a jaka ana ganin ai madara ce, da yogot ɗin leda. Maltina da 'yan uwanta ma da muke kaiwa mara lafiya muna cewa tana ƙara jini in an haɗa da madara, suga ne fal a ciki, jini kuwa sinadarin ƙarfe yake so, wanda ake samu a hanta da nama da wake da ganye. Ki koyi juya roba ki duba bayanta, inda aka rubuta sugars ko carbohydrate, lambar da ke wurin galibi ta mililita 100 ce, ki ninka ta sau biyar in robar 50cl ce, ki raba huɗu, cokulan kenan. Zuma da mazarƙwaila da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse duk suna cikin wannan lissafin a wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, abin da baya ciki shi ne ɗan itacen da aka ci da ɓawonsa da tsokarsa, da zaƙin da ke cikin nono tun asali.

Maganar haƙori ita ce ta fi kusa, don ta riga ta fara. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a bakin kowa, suga ne abincinsu, da sun samu sai su fitar da tsami, tsamin nan yana cin farin saman haƙori na wajen minti ashirin zuwa talatin kafin miyau ya wanke ya gyara wurin. In sau ɗaya ne ko biyu a rana baki yana iya rama ɓarnar. Matsalar ita ce yaron da ya sa alewa a kunci tun fita tara, ya koma aji yana tsotsa, an tashi ya sayi ƙanƙara, a hanyar Islamiyya cingam, bakinsa bai huta ba tun safe, miyau bai samu damar yin aikinsa ba. Shi yasa yawan lokutan ya fi yawan sugan illa a wurin haƙori, kuma mai danƙo irin iloka da alewar madara da hanjin ligidi da tofi sun fi muni don suna maƙalewa a ramin turmi. Lemon gas kuma shi kansa akwai tsami a cikinsa ko ba suga. Abu ɗaya da iyaye ke yawan kuskurewa: wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba, shi ba haƙorin nono bane, na dindindin ne. Sai a ga ya yi baƙi ace bar shi ai zai famfare, alhali ba wanda zai fito a madadinsa. Ɗanki shekara takwas, in ciwon daga can baya ne kar ki jira.

Ciwon suga kuma, bari in kwantar miki da hankali ta wani gefen in tayar ta wani. Irin wanda ke kama ƙananan yara farat ɗaya, wanda sai da allurar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ba shan zaƙi ke kawo shi ba, garkuwar jiki ce ke juyawa ta lalata inda ake yin insulin ɗin, ba laifin uwa bane ba na mai zoɓo ba. Ɗaya irin, na manya, shi ne wanda ƙiba da zaman wuri ɗaya da gado ke jawowa, kuma bincike da yawa ya nuna masu shan lemo kullum sun fi faɗawa cikinsa. Ba a wata ɗaya ko shekara ɗaya yake zuwa ba, sabo ne ake ginawa. Yaron da ya tashi bai san kashe ƙishi da ruwa ba sai da abu mai zaƙi, haka zai shiga sakandare, ya shiga jami'a ko kasuwa, kuma in akwai ciwon a dangi, wajen kakanni ko baba, toh an haɗa masa abu biyu.

Amma gaskiya ni abin da ya fi damuna a yaranmu na nan ba ƙiba bace. A 2025 UNICEF ta fitar da rahoto cewa a karon farko yara 'yan makaranta masu ƙiba sun fi masu rama yawa a duniya, sai dai ta ware Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya, mu har yanzu ramar ce a gaba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57, sannan kashi 68 na ƙananan yara jininsu bai kai ba. Waɗannan yaran su ne suka girma suka cika azuzuwa yanzu. Toh yaron da dama jikinsa na bin bashi, ɗan kuɗin da ya kamata ya zama ƙwai ko ƙosai ya tafi a ruwan kala, ba furotin, ba ƙarfe, ba komai sai zaƙi, ya toshe masa ciki na ɗan lokaci, ya dawo gida ya ture tuwo, da la'asar yunwa ta sake tasowa ya nemi biskit. Asara biyu kenan, abin da ya sha da abin da ya hana shi ci. Malamai kuma su ce yaro baya gane karatu, yana gyangyaɗi a aji, alhali ƙarancin jini kaɗai ya isa ya sa haka. A makarantun kuɗi na wajen GRA da Samaru ana fara ganin ɗaya gefen, yara masu teɓa da ake kaiwa a mota a ɗauko a mota, jaka da jus da biskit da taliyar Indomie kullum, gari ɗaya matsala iri biyu.

Sai zoɓon leda da ƙanƙara da jinja da kunun aya na gida. Mutane suna ɗauka tunda na gargajiya ne ya fi lemon kamfani, ni kuma cewa nake ya danganta da hannun da ya haɗa. Zoɓo shi kansa ba shi da laifi, ganye ne mai kyau. Amma mai sayarwa tana so ya yi zaƙi ya yi arha ya yi auki, ga suga ya yi tsada, sai a ƙara ruwa, a rufe da kala da filebo da sinadarin zaƙi irin sakarin ba awo, da ido kawai. Wannan ma da sauƙi. Babban abin tsoron ruwan da aka dama dashi ne, da ƙanƙarar, da robar. Robobin nan da ake ɗura kunu da zoɓo ai kin san daga inda suke fitowa, yara ke tsinto su daga wurin biki da tasha da bola a sayar, wata za ta wanke da omo da ruwan zafi, wata ɗauraya ɗaya ce a baho guda. Ledar kuma wasu da baki suke hura ta kafin su ɗura. Daga nan taifod da gudawa da ciwon shawara mai bin ruwa suke shiga, musamman da damina lokacin da rijiyoyi ke haɗuwa da kwata. Kunun aya shi kuma baya jure zafi, in aka yi shi da asuba babu sanyi, kafin azahar a watan Maris ko Afrilu na Zariya ya fara juyawa. Kuma kar mu manta abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, lokacin da mutane suka sha abin sha da aka haɗa da garin da aka sayar musu a matsayin ɗan tsami, ɗaruruwa suka kwanta asibiti wasu da fitsarin jini, wasu suka rasu, NAFDAC ta bincika ta ce wani sinadari ne daban ba ɗan tsamin ba. Masu haɗawar ba mugunta suka yi niyya ba, garin da ba suna ba lamba suka saya a kasuwa don ya fi arha.

Abin da zan ce ki kiyaye ba sassauci shi ne lemon ƙara kuzari, irin su Fearless da Predator. Akwai sinadarin kafeyin irin na kofi a ciki bayan suga, ba na yara bane sam, yana hana barci yana sa bugun zuciya, kuma yanzu 'yan sakandare sun maida shi abin gayu lokacin jarabawa. Maganar da ake yi cewa zaƙi ke kawo tsutsar ciki kuwa ba haka bane, tsutsa daga ƙasa da hannu mara wanki da abinci mara tsabta take shiga, ki dai riƙa bashi maganin tsutsa in an zo rabawa a makaranta ko yadda ma'aikacin lafiya ya ce.

Yanzu ki tambayi kanki me yasa yake sayen abin da yake saya. Na farko ƙishi. Makarantu nawa ne a garin nan, na gwamnati da na kuɗi, suke da ruwan sha mai tsabta da yaro zai je ya sha kyauta lokacin da ya so? Inda babu, yaro zai sayi fiya wata ko ya ƙara kaɗan ya sayi mai zaƙi mai sanyi, ke ma in kece ai kin san wanda za ki ɗauka. Na biyu yunwa, yara da yawa da ruwan shayi da guntun burodi suke fita, wasu ko shi babu don an makara ko babu ɗin ne, kuma yinin yaranmu dogo ne, boko da safe, Islamiyya da yamma, wani har da hadda, get biyu kenan da 'yan talla biyu. Na uku farashi, alewa ana samun ta kuɗi kaɗan, ƙwai guda kuwa sai ya cinye kuɗin taran duka ko ma bai isa ba, yaro yana so hannunsa ya cika da abubuwa uku huɗu ya raba da abokai. Na huɗu ido, kowa yana riƙe da leda mai ja shi kaɗai da gorar ruwa. Mai talla ita ma lissafinta take, alewa da biskit basa lalacewa, in basu ƙare yau ba gobe suna nan, alale kuwa in ya kwana asara ce. Ba wanda ya zauna ya shirya cutar da yaro, amma duk lissafin ya karkata wuri ɗaya.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske basu tsaya kan wa'azi ba. Chile tun 2016 ta sa doka duk abincin kamfani da suga ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa sai an manna masa baƙin tambari a gaba, kuma mai tambarin ba a sayar dashi cikin makaranta, ba a tallarsa ga yara. Meziko ta sa haraji kan lemo a 2014, a 2025 kuma ta hana sayar da irin wannan kayan a makarantu. Ingila ta sa nata harajin a 2018 gwargwadon yawan sugan, kamfanoni da yawa suka rage sugan da kansu don su kauce wa biya, wanda a ganina shi ne dabarar da ta fi. Mu nan dokar kuɗi ta 2021 ta sa naira 10 kan kowace lita, wato naira 5 a robar 50cl, wa zai fasa shan lemo don naira biyar? Hukumar Lafiya ta Duniya cewa take sai farashi ya tashi da kamar kashi 20 cikin 100 kafin a ga canji. Kuma ko an ƙara, harajin baya taɓa zoɓon leda da alewar tire, waɗanda su ne yaran firamaren gwamnati suka fi sha. Ciyarwar makaranta ita ce ta taɓa zuwa kusa da maganin abin, jihar Kaduna ta fara tata a farkon 2016 zamanin El-Rufa'i, gwamnatin tarayya ma ta ƙaddamar da nata shirin a shekarar, 'yan aji ɗaya zuwa uku, naira 70 kan kowane yaro daga baya aka ce 100. Duk da ƙorafin da aka yi ta yi kan ƙanƙantar abincin da jinkirin biyan masu dafawa, kowa ya ga yadda azuzuwa suka cika. Abin ya yi ta tsayawa yana tashi, a farkon 2024 ma aka dakatar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya, don haka kar ki gina lissafin cikin ɗanki a kansa.

Toh me za ki yi a gida. Ki fara da karin safe mai riƙe ciki, ba sai mai tsada ba: ɗumamen tuwo da miya, koko da ƙosai, ɗanwake, dafaffen dankali da ƙuli, shinkafa da waken jiya. Shayi da burodi zalla baya kai yaro ƙarfe goma, ganyen shayin kuma yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Ki saya masa gorar ruwa tasa ta kansa, ki cika tun dare, in kina da firij ko mai ƙanƙara a maƙwabta ki sa ta yi sanyi, don rabin abin da yake nema a bakin get sanyin ne ba zaƙin ba. Sai ki raba kuɗin, maimakon ɗari biyu a hannu, ki kashe wani kaso ki sa masa abu a jaka, ki bar masa ɗan canji. Dafaffiyar gyaɗa ko soyayya, aya, dabino biyu uku, awara, ƙwai in hali ya yi, karas da lemon ɓawo da sanyi, mangwaro da bazara, gwaba in lokacinta ya zo, yalo, goriba. Rake ma da muke da shi a yalwace daga wajen Maƙarfi, zaƙi ne shi ma amma kafin yaro ya gama gaɓa biyu muƙamuƙinsa ya gaji, ba kamar roba da ake shanyewa a tsaye ba. Gyaɗa da ƙuli dai a duba kar a bashi mai fumfuna ko ɗaci, akwai guba a ciki mai taɓa hanta. Abin haushi ne a garin da cibiyar binciken noma ta IAR Samaru ta fitar da irin wake SAMPEA da gyaɗa SAMNUT da ake shukawa a faɗin Arewa, ace yaranmu ruwan kala suke karyawa dashi.

Kar ki haramta masa zaƙi gaba ɗaya, abin da aka hana da ƙarfi shi yaro ke ci a ɓoye, ko ya fara roƙon abokai, ko ya fara ɗaukar canji a jakarki, wanda ya fi ciwon haƙori muni. Ki sa masa rana, Juma'a misali ko ranar biki, kuma ya sha tare da abinci ba tsakanin abinci ba, ya kuskure baki da ruwa bayan nan. In zoɓo yake so ki dafa naki da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki riƙa rage sugan kaɗan kaɗan duk sati, harshe yana sabawa. Sannan ki yi magana da babansa cikin lalama, don ba amfani ke kina ragewa shi yana shigowa da lemo a leda duk dare yana kurɓa a gabansu, haka kakanni da gwaggwanni masu cewa bar shi ya sha ai yaro ne.

Maganar korar masu talla, ban goyi baya ba. Matan nan da yawansu zawarawa ne ko matan da da wannan tiren suke biyan kuɗin makarantar nasu yaran, kuma in an kore su daga get taku ashirin za su matsa su zauna a kwana inda ba malamin da ke ganinsu, ko yara su fara tsallake titi ko katanga suna bin su, kin ƙara haɗari kenan baki rage suga ba. Gara a jawo su ciki. Ki nemi iyaye biyu uku masu irin damuwarki ku kai maganar taron PTA, ko kwamitin kula da makaranta na SBMC in makarantar gwamnati ce. Abu na farko da za ku nema ruwa ne, ko da randa ce ko durom mai famfo da murfi da wanda zai kula dashi, wannan kaɗai zai rage cinikin leda. Na biyu a san su waye ke sayarwa, a rubuta su, a basu inuwa a cikin harabar, da sharaɗin rufe abinci da wanke hannu da ruwa mai kyau, ba robar bola, ba garin da ba lambar NAFDAC, a gayyato duba-gari daga ƙaramar hukuma ya riƙa leƙowa. Na uku a ce duk mai son wurin ta kawo abinci na gaske, ƙosai, alale, awara, masa, ɗanwake, kwaɗon zogale, 'ya'yan itace a yanka ƙanana daidai kuɗin yaro, lemon gas da na kuzari kuma ba a cikin makaranta ba. Tsoron mai talla kwantai ne, toh in iyaye goma sha suka yi magana da ita suka biya na sati, ta san adadin da za ta dafa, yaro ya zo ya karɓa ba kuɗi a hannunsa, ita ta samu ciniki tabbatacce ku kun san abin da ya ci. A makarantar kuɗi ku tambayi waye mai shagon cikin, don sau da yawa na mai makarantar ne ko na iyalinsa, nan maganar sai an bi a hankali amma ku ne masu biyan kuɗin term, kuna da baki. Haka al'adar rabon jus da alewa duk ranar da wani ya yi bazday, a aji mai yara arba'in kusan kowane sati akwai na wani, ana iya cewa a haɗa sau ɗaya a wata.

Haƙorin nan kuma ki kai shi wajen likitan haƙori a satin nan, ciwon da ke tada yaro da daddare alama ce ramin ya yi zurfi, kar a tsaya sa masa kanumfari ko fasa ƙwaya a cusa a ramin, yana ƙona dasashi ne kawai. Buroshi sau biyu da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ɗan kaɗan, na dare shi ne mafi muhimmanci kuma bayansa ba shayi ba komai sai ruwa, ya tofar kar ya kuskure sosai, aswaki da rana ƙari ne mai kyau. Ki roƙa a duba yawan jininsa a auna tsayi da nauyi tunda kin ce baya cin abinci. In kuwa kin ga yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana fitsari akai-akai har ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, yana ramewa duk da yana ci, ko kiyashi na bin inda ya yi fitsari, wannan ba maganar jira bace, ranar ki kai shi asibitin Shika ko na Gambo Sawaba ko asibitin da ya fi kusa dake a ɗiga jini a auna suga, gwajin minti biyu ne.